Kogin da Na Ɗinka da Turkuɗin Uwar Kande

Na sauka Riyad damina ɗaya bayan babbar ambaliyar da ta kwashe gonakin shinkafa a ƙasar Haɗeja, shekara biyar kafin a bar matan garin nan su riƙe sitiyari. Aikin da zan ba ku labarinsa kuwa na fara shi ana zaman gida saboda korona, lokacin da ko masallaci ba a zuwa, na gama shi shekarar da mutane suka daina rufe hanci. Da haka nake lissafi. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Ni nake faɗa, autata Rakiya tana rubutawa. Ita ce nas ɗin da ta kawo ni ƙasar nan in riƙe mata gida. Na ce a rubuta ne saboda ku 'yan matan da kuke cika mana falo ranar Juma'a, kuna ɗaga aikina kuna cewa, "Ai haɗa ƙyallaye ne kawai, da keke yini ɗaya an gama." To, ku saurara.

Bargon farko da na sa wa hannu na wani masunci ne a ƙauyenmu, Marken Ruwa, inda reshen kogi yake bi ta bayan gidaje. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ita ke ɗinka wa masunta irin wannan bargo da tsummokaran gari, don gwado ɗaya ba ya tare sanyin kan ruwa. Ina da shekara kamar tara aka kai ni wurinta. Damina guda da rani guda ban taɓa allura ba. Aikina in ɗauki ƙwaryar ƙyallaye in tafi bakin kogi in wanke, in shanya a kan ciyawa, in dawo in ware su faifai-faifai, ja da ja, baƙi da baƙi. Dokarta ɗaya ce, kuma babu sassauci a cikinta: kowane ƙyalle, sabo ko tsoho, sai an wanke shi kafin a ɗinka. Wani yadin yana tsukewa in ya sha ruwa, ya ja na kusa da shi, aiki ya karkace. Wani kuma launinsa zuba yake yi. Ta fi so ya nuna halinsa a cikin ƙwarya.

Hawa uku ne aikin. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye. Akwai ciki, mai kauri. Sai baya. Sannan a bi su da ɗinki a kama su wuri ɗaya, taku ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kowanne daidai da ɗan'uwansa. In na yi layi, Gwaggo ta ɗaga shi ga rana ta duba. Ba ta faɗa, ba ta duka. Reza take ɗauka ta farke, ta miƙo mini. Akwai layin da na ɗinka sau shida a yini ɗaya. A na bakwai ta duba ta ce, "To, yau dai zaren bai tafi a banza ba." Ban taɓa jin yabon da ya fi wannan daga bakinta ba, har ta koma ga Allah.

Kayan aikina ga su nan a gwangwanin alawa, kun sha ganinsu. Allura iri uku. Kakin zuma da nake goga wa zare don kada ya ƙulle. Guntun sabulu mai kaifin baki, da shi nake zana layi, don alli yana kama yadi, sabulu kuwa yana fita. Hular yatsa ta fata, ni na yanka ta daga tsohon takalmi. Reza. Sai almakashi, wanda duk wadda ta kuskura ta yanka takarda da shi za ta san ni. Keke ina da shi, ina haɗa dogon layi da shi. Amma keke ba ya jin yadi. Yatsa ne ke gaya miki wannan ƙyallen ya tsufa, sai an sassauta masa, wancan kuma siliki ne, zai zame.

Aikin farko da na yi a garin nan labule ne. Na raka Rakiya kasuwar Utaiƙa sayayya, muka bi ta shagon wani tela Bazazzage, Malam Isiyaku, mai ɗinka fararen jallabiyu. A bakin ƙofarsa ga buhu biyu cike da yankan yadi.

Na ce, "Malam, waɗannan fa?"

"Bola za su, Hajiya."

"Duka?"

"Kullum ma haka ne. In kina so ki kwasa, kin rage mini aiki."

Na buɗe buhun. Abin da ke ciki ya isa ya rufe masuntan ƙauyenmu gaba ɗaya. Rakiya tana ta jan mayafina, wai kunya take ji, ana kallonmu. Na ce ta bar kunya ta tare mana mota. Bayan wata biyu na kawo wa Malam Isiyaku labule. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Daga buhuna wannan ya fito?" Na ce daga bolarka dai. Ya rataye shi a ƙofar ɗakin gwaji.

Daga nan matan likitoci da nas-nas suka fara zuwa. Wata ta kawo ankon bikinta, wata rigunan 'ya'yanta da suka yi musu kaɗan, a mayar musu da bargo. Cikin bargo kuwa harami nake sawa, wanda mazansu suka gama Umra da shi suka jefa ƙarƙashin gado. Babu audugar kanti da ta kai shi laushi. Masu kawo aiki iri biyu ne. Akwai mai ajiye kaya ta ce in yi abin da na gani. Akwai mai tura mini waya a fuska ta ce, "Irin wannan sak nake so." Ita wannan nakan ce mata ta je wurin wadda ke cikin wayar.

Labulen nan ne ya jawo Nura. Balarabiya ce 'yar garin, tana kula da wani ɗakin nuni, inda ake rataye zane-zane mutane su zo kallo. Ta kai jallabiyar babanta gyara, ta ga labule, ta bi sawu har gidanmu a unguwar Badi'a. Hala take ce mini, wato inna a yarensu. Larabcina na kasuwa ne, don haka Rakiya ke fassara mana. Ta ce tana so ta rataye aikina a bango. Na yi dariya na ce, bargo a bango? Wa zai ji ɗuminsa? Ta ce in ba don rufa ba, me zan ɗinka? Na ce abin da nake gani yana ƙarewa.

Na fara da saniya. A gida mahauta suna farke tumbi su tarar da dunƙulen baƙar leda, ita ta kashe dabbar. Na haɗa saniyar da ƙyallaye masu ruwan ƙasa, cikinta kuma na cika shi da ledar gaske. Leda ba ta jure allura, yagewa take, sai da na sa ta tsakanin yadin gidan sauro biyu. Bayan ita na yi dajin marke da ya koma buhunan gawayi. An nuna su a nan, an kai su Jidda. Na ga masu digiri sun tsaya gaban aikina, hannu a baya, suna gyaɗa kai. Ban yi mamaki ba. Na san abin da na ɗinka.

Babban aikin ya samo asali ne daga waya. Muna zaman korona aka gaya mini reshen koginmu ya toshe. Ciyawar kachala ta cinye hanyarsa, ruwa ya daina zuwa, masunta sun watse. Na ce zan ɗinka kogin, tsawo kamu biyar, faɗi kamu huɗu. Daga sama ruwa mai faɗi, yadda na san shi ina wanke wa Gwaggo ƙyallaye. Yana gangarowa yana tsukewa, har ya koma faɗin tafin hannu. Daga ƙasa babu komai sai farin rairayi mai tsaga-tsaga, da koren kachala a gefe. Sama jiya, ƙasa yau. Farin daga buhun Malam Isiyaku na samo, na tsoma shi a ruwan shayi ya ɗauki launin rairayi. Ruwan ne ya gagare ni. Duk shuɗin kanti da na gwada, ba ruwanmu ba ne.

Hajiya Kande ce ta kawo mini shi. Ƙawata ce, sa'ata, 'yar ƙauyen da ke tsallaken kogin. Ta fi shekara ashirin tana girki a wani gida a garin nan. Ta zo da ƙunshi a leda uku, ta kwance. Turkuɗi ne. Ku ba ku san shi ba. Zane ne da aka rina da shuni har ya yi baƙi, sannan aka buga masa garin shunin a jiki har yana ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Wadda ta yafa shi takan dawo gida da shuɗi a kafaɗa, kuma wannan shuɗin shi ne abin alfaharin. Ba a wanke shi. Ranar da ya ga ruwa, ranar ya mutu.

Ta ce, "Ga ruwanki. Da shi aka kai uwata ɗaki. Amma Dije, kada ki wanke."

Na ce, "Ni za ki gaya wa? Mahaukaciya ce ni da zan wanke turkuɗi?"

Ga dokar Gwaggo, ga abin da kowa ya sani a ƙasarmu. Na ajiye dokar Gwaggo, karo na farko tun ina shekara tara. Na ɗinka shi da busasshen hannu, ina rufe farin da tsohon zane don kada su haɗu. Wata goma sha takwas na yi a kansa. Wani tsiri ya ragu, faɗin tafin hannu, na naɗe na sa a gwangwani, don ban taɓa zubar da ragowar aiki ba.

Wannan ba shi ne kuskuren ba. Kuskuren a takarda na yi shi. Nura ta aiko da takardar cikawa, Rakiya tana karanta mini.

"Inna, sun ce a faɗi yadda za a kula da shi."

"Ki rubuta kada a taɓa da hannu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana."

Bai zo mini a rai ba in ce kada ruwa ya kusance shi. Wa ake gaya wa haka? A wurinmu ko yarinyar goye ta sani. Na manta ba a wurinmu nake ba.

A watan ne uban gidan Kande ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba za su sabunta mata igama ba, wato takardar izinin zama. Aka yanka mata tikitin tafiya gida, tafiyar da babu dawowa, ranar wata Alhamis. Nunin kuma za a buɗe shi ranar Lahadi, kwana huɗu kafin tafiyar. Kande ta ce alhamdu lillahi, za ta ga zanen uwarta a bango kafin ta tafi. Abin da ta roƙa ke nan, ba ta roƙi komai ba bayansa.

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana huɗu a buɗe, Nura ta kira ta ce mu zo. Muka tafi mu uku, ni da Rakiya da Kande. Aikin yana rataye a babban bango, wanda ke kallon ƙofa. Wani ma'aikacinsu ya ga alamun ninki a jikinsa, ya ɗauko na'urar da suke miƙar da tufafi da ita, mai feso tururi, ya bi shi daga sama har ƙasa. Da hannu dai bai taɓa ba, ya bi takarda. Tururi ya zama ruwa, ruwa ya kwashi garin shuni ya gangara. Layi-layi na shuɗi sun sauko daga kogin sun ratsa farin rairayin har bakin ƙasa. Turkuɗin kansa ya dusashe, ya koma kamar kowane tsohon zane. Mutumin yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa. Laifin ba nasa ba ne.

Nura ta ba da haƙuri har sau uku. Sannan ta ja baya ta daɗe tana kallo, ta yi magana da Rakiya.

Rakiya ta ce, "Inna, ta ce a bar shi haka. Wai ya yi kyau, kamar ruwan ne yake dawowa. Za ta rubuta a gefe cewa da gangan kika yi. Ta ce manyan baƙi ranar Lahadi kawai suke zuwa, da masu ɗaukar hoto, kuma wannan bangon ba a ba kowa sau biyu."

Kafin in buɗe baki Kande ta riga ni. "Ke Dije, ruwan ya dawo ne ba a gaya mini ba? In sani, in sayi komar kamun kifi a hanya."

Na ce, "Bai dawo ba."

"To, da zanen uwata za a ce ya dawo?"

Na ce wa Rakiya ta gaya wa Nura a sauke. Nura ta ce, "Ya Hala, kwana huɗu ne fa." Na ce na iya ƙirga kwana. Kyau kam ya yi kyau, ba na musu. Amma ni ban ɗinka shi don kyau ba, kuma ban taɓa sa sunana a kan abin da hannuna bai yi ba.

Ku da kuke cewa yini ɗaya, ku ji yadda ake gyara. Ba a cire ƙyalle ɗaya kawai. Sai an warware ɗinkin da ya kama hawa ukun, taku-taku, da bakin reza, ba tare da an yanki na kusa ba. Sannan a cire wanda ya ɓaci, a yanka wani daidai shi, a mayar, a sake bi. Kusan rabin farin ya tafi. Malam Isiyaku ya rufe shagonsa yini guda ya zo da buhu da almakashinsa, yana yanka ina auna. Sabon fari ba ya zama kusa da tsoho, sai an rina. Muka dafa shayi a babbar tukunya, muna tsomawa muna shanyawa a saman bene. Ranar Riyad ta yi mana wannan amfanin, kafin ka sauko ka koma ya bushe. Rakiya ta ɗauki hutu. Kande ba ta iya ɗinki ba, duk da ta ce ta iya. Na duba layinta na farko na ɗauki reza.

Ta ce, "Kin ga Gwaggo Asabe ta dawo."

Na ce, "Riƙe mini bakin nan ki yi shiru."

Daga asuba muke farawa, da magariba mu ajiye, don idona ba ya aiki da hasken fitila. Lahadi ta zo, ko rabi ba mu kai ba. Aka buɗe nuni, manyan baƙi suka zo suka tafi. Babban bango aka ba wani. Ban je ba, ina gida ina zura zare.

Turkuɗin ba shi da gyara, ƙyallinsa ya tafi. Wurin da ya fi lalacewa shi ne inda kogin ya tsuke, ruwan ƙarshe kafin rairayi. Na buɗe gwangwani na ɗauko tsirin da na ajiye. Ya zauna a wurin daidai, ban rage masa ko zare ɗaya ba.

Ranar Laraba da la'asar aka rataye shi, a wani bangon gefe kusa da matakala. Babu kowa a ɗakin sai mu da Nura da mai gadi. Duk wadda ta san ɗinki za ta ga takun ƙasa ya fi na sama faɗi, na gaggawa ne. Ni ina ganinsa har yau. Kande ta tsaya ta kalli aikin daga sama zuwa ƙasa. Ta miƙa hannu ta goga babban yatsa a kan faɗin kogin, ta duba yatsan. Babu komai. Ta sauko da hannu kan tsirin. Mai gadi ya taso yana cewa mamnu, wato an hana.

Ta ce masa da Hausa, "Na uwata ne."

Nura ta ɗaga masa hannu, ya koma. Kande ta goga, ta duba. Yatsan ya yi shuɗi. Ta nuna mini, ta ce, "To, mu tafi, ban gama ɗaure kaya ba."

Washegari muka raka ta filin jirgi. Da aka zo duba takardunta, da wannan hannun ta miƙa fasfo. Daga baya ta gaya mini shuɗin bai gama fita daga ƙarƙashin farcenta ba sai da ta kwana biyu a gida.

Shekarar ita ce muguwar shekarata. Ba a ɗauki hoton aikin ba, babu wanda ya rubuta komai a kansa, kuma sai da na yi shekara biyu ba a gayyace ni ko'ina ba. Na koma bargunan matan likitoci. Daga baya an sake nema na, kogin ma ya je Jidda. Yanzu takarda tana bin sa duk inda za shi, da Larabci da Turanci: kada ruwa, kada tururi, kada guga. Kowane aiki nawa haka nake yi masa, in faɗi har abin da nake ganin kowa ya sani. Turkuɗi kuwa ko gobe aka kawo mini ba zan wanke ba.

Gwaggo Asabe ta daɗe da rasuwa, tun kogin yana da ruwa. Malam Isiyaku yana nan da rai, amma ido ya hana shi ɗinki, ya koma Zariya, labulen yana ƙofar ɗakinsa. Nura tana nan, takan aiko mini da dabino da azumi. Cikin waɗanda muka yi wanka a kogin nan muna yara, mu biyu na sani mun rage, ni da Kande. Tana ƙauyensu, gidanta yana kallon inda ruwan yake a da, a jarka take sayen na sha. Shekaranjiya ta kira, na gaya mata ana rubuta labarin nan. Ta ce a rubuta ta gaishe ku, kuma a rubuta har yanzu bai dawo ba.